Madalla da Ƙamusun da Ya San Kakannin Wa'adi

Idan ana neman aikin ilimi da ya cancanci a miƙe tsaye a jinjina masa, to ni dai na samu nawa, kuma ba zan yi rowar sunansa ba. Svenska Akademiens ordbok ake ce masa, mutanen Suwidin kuma suna taƙaita shi da SAOB. Shi ne babban ƙamusun tarihin harshensu, wanda aka kammala a watan Oktoba na 2023 bayan an shafe shekara 140 ana fama da shi: mujalladi 39, shafi 33,111, kalmomi wajen rabin miliyan. Aiki irin wannan ba a iya kewaye shi da sharhi guda. Saboda haka zan ɗauki kalma ɗaya tak daga cikinsa, gajeruwa mai harafi biyar, in bi sawunta har inda ya ɓace, don mai karatu ya ga abin da ya sa nake ta zumuɗi. Kalmar ita ce frist, abin da mu muke kira wa'adi.

A Suwidin ta yau, frist ba kalmar mawaƙa ba ce. Kalmar ofis ce, ta kotu, ta takardar bashi. Sau da yawa ma ba ta tafiya ita kaɗai, sai an jingina ta da wata. Akwai tidsfrist, wa'adin lokaci. Akwai betalningsfrist, kwanakin da aka ɗibar wa mutum ya biya abin da ake binsa. Akwai ångerfrist, wato kwana 14 ɗin nan da doka ta bai wa wanda ya sayi kaya ta intanet ko ta waya ya sake shawara, in ya ga dama ya fasa cinikin. Wanda kotun gunduma ta yanke wa hukunci bai gamsu ba, mako uku gare shi ya ɗaukaka ƙara, wannan ma frist ne. Kalma ce da mutum zai gani a wasiƙar hukuma ya wuce, ko a ransa bai kawo cewa tana da dangi ba.

Ashe tana da dangi, kuma manya! Abin da ya fara kama ni a ƙamusun nan shi ne yadda yake girmama kowace kalma, babba da ƙarama, ba fifiko. Da farko zai ba ka yadda ake furta ta da yadda take sauya kama a jimla. Sai ya jero maka tsofaffin rubuce-rubucenta, kowanne da shekarar da aka gan shi. Sai ya buɗe baka mai kusurwa ya zuba asalinta da 'yan'uwanta na sauran harsuna. Daga nan ya shiga ma'anoninta ɗaya bayan ɗaya, kuma a ƙarƙashin kowace ma'ana ya kawo jimlolin da mutane suka rubuta da hannunsu, da sunan marubucin, da littafin, da shafin, da shekarar. Ba ya ce maka ka yarda da shi don shi ne babba. Hujja yake ajiye maka a gaba, ka duba da idonka. Yadda maroƙin fada ke jero kakannin sarki ba ya tsallake ko ɗaya, haka SAOB ke yi wa kalmar da ba ta fi ƙarfin takardar haraji ba. Wallahi wannan ladabi na ilimi shi ya sa na kamu da son aikin.

To, su wane ne kakannin frist? Hujjojin ƙamusun sun faro ne daga rubuce-rubucen 1521, shekarar da Gustav Vasa ya karɓi ragamar ƙasar, amma zaren asali yana miƙawa baya fiye da haka. A tsohon Suwidanci na tsakiyar zamani kalmar tana nan, sai dai wasalinta ya bambanta: frest ake rubutawa, ko fræst. A tsohon harshen mutanen arewacin Turai, wanda aka rubuta labaran Ayislan da shi, frest ce, ma'anarta jinkiri, ko ɗan sararin da aka bai wa mutum kafin abu ya hau kansa. Har gobe mutanen Ayislan suna cewa frestur idan suna nufin wa'adi, suna cewa fresta idan za su ɗage abu zuwa gaba. Danmak da Norwe suna da frist. Jamusawa suna da Frist, kuma tun a tsohon Jamusanci haka take. Tsohon Ingilishi ma ya san ta, yana rubuta ta first ko fierst da ma'anar tsawon lokaci ko sassauci, kafin ta mutu a bakin yawancin masu harshen. Inda ta fi daɗewa a tsibirin shi ne Sikotilan da arewacin Ingila, inda frist ta zama bayar da kaya bashi, a ɗaga wa mai saye ƙafa zuwa wani lokaci. Dubi wannan zuri'a! Daga Ayislan har tsaunukan kudancin Jamus, gida ɗaya ne, kuma duk inda ka taɓa, magana ɗaya ake yi: a saurara masa, kada a matsa masa yanzu.

Sai tambayar da ta fi ba ni daɗi. Tun da kakanninta na Suwidin frest suke cewa, ina aka samo wasalin i na yau? Masana asalin kalmomi suna danganta shi da Jamusancin arewa na tsakiyar zamani, inda kalmar take vrist. A nan ne wasali ɗaya ya buɗe mana ƙofar tarihin kasuwanci na ɗaruruwan shekaru. Daga ƙarni na 13 zuwa na 15, fataken ƙungiyar Hansa, masu cibiya a birnin Lubek, su ne suka riƙe cinikin tekun Baltik. Sun zauna a Sitokholm da Kalmar da Visby, da jiragensu da littattafan lissafinsu da harshensu. Ƙarfinsu ya kai dokar birane ta Sarki Magnus Eriksson, ta tsakiyar ƙarni na 14, ta raba kujerun majalisar birni tsakanin 'yan ƙasa da Jamusawa, kuma ba a soke wannan tsari ba sai a 1471, bayan yaƙin Brunkeberg. Mutanen da ke ba ka kaya bashi, su rubuta yarjejeniya, su zauna a majalisar da za ta yi muku shari'a idan kun saɓa, dole ne yadda suke furta wa'adi ya shiga bakinka. A wannan zamani ne Suwidanci ya karɓi betala, biya. Da arbete, aiki. Da borgmästare, magajin gari. Har da fönster, taga, wadda ta ture tsohuwar vindöga ta gida. Ita frist ba a kore ta ba, ba a kuma shigo da ita daga waje ɗungurungum ba. 'Yar gida ce da ta haɗu da 'yar'uwarta ta ƙetare a kasuwa, ta ɗauki lafazinta. Ina ƙaunar irin wannan bayani, domin yana nuna cewa tarihin ƙasa ba a fada da filin daga kaɗai yake kwance ba, yana nan har cikin wasalin da akawu ke rubutawa bai sani ba.

Jamusawa sun ƙara wa mutanen Suwidin wata kyauta daga baya, mai ban tsoro: galgenfrist, ɗan jinkirin da ake yi wa wanda aka yanke wa hukuncin rataya. Yau ana faɗin ta ga duk wani sassauci gajere da ba zai hana abin da ke tafe zuwa ba. Ko siffarta ma tana tona asirin inda ta fito. Gungumen rataya a Suwidanci galge ne, kuma idan suka haɗa shi da wata kalma galg suke cewa, kamar galgbacke, tudun da ake rataye mutane. Wannan en da ke tsakiyar galgenfrist tambarin Jamus ne, Galgen.

Akwai tarko a hanya, kuma a nan ne amfanin ƙamus na gaske ke fitowa. Suwidanci na yau yana da fresta, mai nufin jarraba mutum ko kwaɗaita masa abu, daga ita aka samu frestelse, jarrabawar zuciya. Mai gaggawa zai ce ai ga 'yar'uwar frest nan, har ya ƙirƙiro hikima a kan yadda jinkiri ke jawo fitina. Ina! Ba gidansu ɗaya ba. Ita wannan daga freista ta fito, kuma abin da ya faru shi ne mutanen Suwidin da Danmak sun daɗe da matse tagwan wasalin ei ya koma e, yadda stein ya zama sten, dutse, bein ya zama ben, ƙashi. Haka freista ta zama fresta, ta yi kama da wadda ba danginta ba. Mutanen Ayislan, da ba su yi wannan matsi ba, har yau suna da su biyu daban: freista jarrabawa, fresta ɗagewa. Kamannin fuska ba ya tabbatar da zumunci a ilimin asalin kalmomi, ƙa'idar sauyin sauti ce ke tabbatarwa, kuma wannan ƙa'ida ita ce ƙashin bayan duk abin da ke cikin bakunan nan masu kusurwa.

Idan aka wuce zamanin rubutu, sai a shiga inda masana ke sa tauraro a gaban kalma, alamar cewa ba a taɓa ganin ta a rubuce ba, gina ta aka yi daga kwatanta 'ya'yanta. A nan hanya ta rabu biyu. Wasu suna ganin tushen frist haɗin guntaye biyu ne na tsohon harshen da ya haifi yawancin harsunan Turai da na arewacin Indiya, ɗaya mai nufin gaba, ɗaya mai nufin tsayuwa, wato abin da ke tsaye a gabanka yana jira. Wasu kuma suna kai ta gidan fred da frid, zaman lafiya, da fri, 'yanci, wato lokacin da aka kare mutum, aka hana a taɓa shi. Ba a rufe wannan muhawara ba. Ni zuciyata ta fi karkata ga na biyun, domin ya dace da abin da kalmar ta yi ta aikatawa a kotu da kasuwa, amma son zuciya ba hujja ba ne, kuma masu wannan fanni sun fi kowa sanin haka. Wanda ke son ya zurfafa a nan, abokin tafiyarsa shi ne Elof Hellquist, shehun malamin jami'ar Lund, wanda ƙamusunsa na asalin kalmomin Suwidanci ya fito a 1922, kuma yana nan kyauta a taskar Project Runeberg ta intanet. Wanda kuma ke son tsohon harshen kafin 1521, sai ya nemi ƙamusun Knut Fredrik Söderwall na Suwidancin tsakiyar zamani, da na Carl Johan Schlyter a kan kalmomin tsofaffin dokoki. SAOB ba ya kishi da waɗannan, a kan kafaɗunsu ya tsaya. Shi Söderwall ɗin ma yana cikin waɗanda suka shugabanci aikin SAOB a farkonsa.

Yanzu ga abin da ya sa tarihin frist ya wuce nishaɗin masu son kalmomi. A ofisoshin Sitokholm na yau, da ɗakunan labarai, da jami'o'i, kalmar da ta fi yawo a baki ita ce deadline, wadda aka aro daga Ingilishi kamar yadda take. Masu kula da harshe suna tuna wa jama'a cewa akwai na gida, irin su tidsgräns, iyakar lokaci, da sista dag, ranar ƙarshe, da manusstopp na 'yan mujalla, amma baƙuwar ta riga ta samu wurin zama. To, ita wannan baƙuwa daga ina? Sunanta ya fara tashi ne a yaƙin basasar Amurka. A sansanin fursunonin yaƙi na Andersonville, a jihar Jojiya, wanda aka buɗe a 1864, an kafa wani ɗan shinge a cikin katanga, tazarar wajen mita shida daga jikinta. Fursunan da ya ƙetare shi, ko ya taɓa shi, masu gadi na da izinin harbe shi daga kan hasumiya. Wannan shi ne layin mutuwa. Mutum wajen 45,000 aka tsare a wurin, kusan 13,000 suka mutu, yawancinsu saboda yunwa da cuta, kuma an rataye kwamandan sansanin, Henry Wirz, a watan Nuwamba na 1865 bayan shari'ar da ta yaɗa labarin layin a jaridu. Daga baya masu ɗab'i sun yi amfani da kalmar ga wata iyaka a jikin na'urarsu, sannan wajen shekarun 1920 'yan jaridar Amurka suka mayar da ita sa'ar da ba a karɓar labari bayanta.

Ka ajiye su biyun gefe da gefe, mai karatu. Ɗaya layi ce, ɗaya fili. Deadline tana nuna maka inda za ka faɗi, frist tana nuna maka inda za ka numfasa. Ta farko ta taso daga idon mai gadi da ke riƙe da bindiga, ta biyu daga bakin alƙali ko mai bin bashi da ya ce a ba shi lokaci. Ko a nahawun yau bambancin yana nan: frist ana ba da ita, ana tsawaita ta, tana gudana har ta ƙare, domin tana da tsawo. Ba ina cewa Basuwide da ya ce deadline yana tuna Andersonville ba, ko kaɗan. Ina cewa ne harshen da ya riƙe kalmomin biyu ya fi wanda ya yar da ɗaya arziki, kuma ba za ka san girman abin da ke hannunka ba sai wani ya zauna ya tono maka salsalarsa. Wannan hidima ce SAOB da 'yan'uwansa suka yi, kuma ni a wurina ta isa a gode musu.

Su waye suka yi wannan aiki? Majalisar masana ta Suwidin ce, mai kujeru 18, wadda Sarki Gustav na Uku ya kafa a 1786 bisa koyi da takwararta ta Faransa. Yawancinmu mun san ta ne ta hanyar kyautar Nobel ta adabi da take bayarwa tun 1901, ita ce ta bai wa Wole Soyinka tasa a 1986. Amma tun ranar da aka kafa ta, rubuta ƙamus yana cikin manyan ayyukan da aka ɗora mata. An yi ta yunƙuri ana tsayawa kusan shekara ɗari, sai a 1883 aka ɗauki hanyar da ta ɓulle, aka kafa ofishin aikin a Lund, can kudancin ƙasar. Kashin farko ya fito a 1893, cikakken mujalladi na farko a 1898. Masu karatu suka yi ta bin littattafai da jaridu da takardun hukuma suna kwafe jimloli a ƙananan takardu, har suka tara miliyoyi. Editocin da suka fara da A sun san ba za su ga Ö ba, harafin ƙarshe na abacadarsu mai haruffa 29, amma suka sunkuya suka yi aikinsu tsakani da Allah. An yi yaƙin duniya biyu, an sauya ƙa'idar rubutun harshen a 1906, an tashi daga alƙalami zuwa tafireta zuwa kwamfuta, aikin bai mutu ba. Ƙamusun 'yan'uwa Grimm na Jamus ya fara fitowa a 1852 ya kammala a 1961. Na Holan ya ɗauka daga 1864 zuwa 1998. Na Oxford daga 1884 zuwa 1928. A wannan sahu na manya SAOB ya tsaya, alhali masu harshen ba su wuce miliyan goma da 'yan kai ba. Kai, wannan juriya abar yabo ce!

Wani abin da ya ƙara faranta mini rai shi ne inda kuɗin ya fito. Gustav na Uku ya mallaka wa majalisar jaridar hukuma mai suna Post- och Inrikes Tidningar, wadda aka kafa a 1645, ake kuma lissafa ta a matsayin jarida mafi tsufa da har yanzu ke fitowa, ko da yake tun 2007 ta koma intanet. A cikinta ake buga sanarwar doka: wane kamfani ya karye, ana kiran masu bin mamaci bashi su bayyana kafin rana kaza. Kuɗin waɗannan sanarwoyi ya daɗe yana ɗaukar nauyin ƙamusun. Wato dai sanarwar wa'adi tana cikin abin da ya ciyar da malaman da suka rubuta tarihin kalmar wa'adi. Sarkin da ya tanadar wa ilimi hanyar shigar kuɗi mai ɗorewa, ba kyautar rana ɗaya ba, ya yi hangen nesa, kuma amfanin hangen nasa ya kai ga jikokin jikokin talakawansa.

Shin ba shi da aibu? Yana da shi, amma irin aibun da tsawon rai ke kawowa. An buga harafin F tun shekarun 1920, don haka hujjojin frist a can suka tsaya. Harafin D ya riga shi fitowa, lokacin da deadline ba ta iso ba, haka ma dator, wato kwamfuta. Harafin A ya fito kafin a san allergi. Taƙaitattun kalmomin da ke cike da shafukan ma sai mutum ya saba da su. Editocin ba su ɓoye wannan ba. Da suka kammala sai suka sanar da cewa za su koma daga A zuwa R su shigar da kalmomi wajen 10,000 da suka shigo harshen daga baya, aikin da suka ɗibar wa shekara bakwai. Mutanen da suka gama aikin shekara 140 suka waiwaya suka ce akwai saura, waɗannan su ne malamai na ƙwarai, kuma wannan ya ƙara musu daraja a idona.

Mafi daɗin labari shi ne ba sai ka je Lund ba, ba kuma sai ka sayi mujalladi 39 ba. Majalisar ta zuba shi kyauta a shafin svenska.se, inda kalma ɗaya za ka rubuta ƙamus uku su amsa maka a jere: SAOL mai ba da ƙa'idar rubutu, SO mai bayanin harshen yau, da SAOB mai tarihi. Abin da tsohon ya rasa, irin su deadline, sai ka same shi a wurin ƙannensa. Ko Suwidancinka bai taka kara ya karya ba, shekarun da sunayen harsunan da ke cikin bakunan asali za su yi maka magana, musamman idan kana jin Jamusanci ko Ingilishi.

Hukuncina a kansa ba shi da kwana-kwana: wannan yana cikin ayyukan harshe mafi inganci da ɗan Adam ya kammala a zamaninmu, kuma duk mai son sanin yadda ake bin asalin kalma da hujja ya kamata ya gan shi. Malamai da ɗaliban kimiyyar harshe, da masu fassara, da 'yan jarida, ina roƙonku ku buɗe shafin nan. Ku fara da frist, ku bi ta da galgenfrist, sannan ku duba fresta ku ga inda hanyarsu ta rabu.